Ƙwayar Gyambon Ciki da Matan Burazil Suka Sauya wa Aiki

A shekarar 1986 wata farar ƙwaya mai kusurwa shida ta shiga kantunan magani na ƙasar Burazil da sunan Cytotec. Kamfanin Searle na Amurka ne ya ƙirƙiro ta, sinadarin da ke cikinta kuma shi ne misoprostol. An yi ta ne don gyambon ciki, musamman irin wanda yawan shan magungunan kashe ciwo ke haddasawa. Ba ta da tsada, masu kemis kuma ba sa tambayar takardar likita. A 'yar takardar da ke cikin kwalin akwai gargaɗi ƙarara cewa mai juna biyu kada ta sha, domin tana iya jawo ɓari.

Gargaɗin nan shi ya zama talla.

Dokar laifuffuka ta Burazil, wadda aka kafa a 1940, ta haramta zubar da ciki in ban da don ceton ran uwa ko idan fyaɗe aka yi mata. Mai kuɗi tana da asibitocin ɓoye inda ƙwararren likita zai yi mata aiki cikin tsabta. Talakar da ke zaune a unguwannin marasa galihu na Recife ko Fortaleza kuwa sai abin da ta samu: jiƙon ganyaye, ko robar da wata tsohuwa za ta zura mata a mahaifa, ko tsinken saƙa. Da yawa sukan iso asibitin gwamnati da zazzaɓi mai zafi, mahaifa ta huje ko ta ruɓe, wasu kuma ba sa fita da rai.

Cikin 'yan shekaru labarin ƙwayar ya bazu daga baki zuwa baki, tsakanin maƙwabta da ƙawaye da yaran kanti masu miƙo magani. Mace takan ce tana neman abin da zai sauko mata da al'ada, yaron kanti ya gane. In jini ya ɓalle ta nufi asibiti ta ce ɓari ta yi, a yi mata wankin ciki, likita kuma ba shi da hanyar bambance wannan da ɓarin da ya zo da kansa. Babu wanda ya koya wa matan nan adadin da ya dace ko lokacin da ya dace. Da lalube suka yi ta yi, wasu su sha ya yi kaɗan, wasu ya yi yawa.

Likitoci ne suka fara lura cewa wani abu ya canja a ɗakunan kwanciya. Matan ba su daina zuwa ba, amma masu zuwa da ruɓar mahaifa sun ragu. A 1993 mujallar likitoci ta Lancet ta buga binciken da Sarah Costa da Martin Vessey suka yi a Rio de Janeiro: cikin mata 803 da aka kwantar a 1991 saboda matsalar zubar da ciki, kashi 57 cikin ɗari sun ce Cytotec suka yi amfani da ita. A Fortaleza, Helena Coêlho da abokan aikinta na jami'ar tarayya ta Ceará sun bi diddigin yadda ake sayar da ita, suka kuma ja hankali ga wata illa ta gaske. Idan ƙwayar ta gaza cikin ya ci gaba, akwai ƙarin haɗarin a haifi jariri da nakasa, ciki har da shanyewar jijiyoyin fuska da ake kira ciwon Möbius. Haɗarin ba babba ba ne a lissafi, amma jaridu sun yi ta yayata shi, kuma ya ishi hukuma hujja.

A 1991 gwamnatin tarayya ta wajabta takardar likita, jihar Ceará ma ta hana sayar da ƙwayar baki ɗaya. A 1998 aka killace ta a asibitoci kawai. Neman ta bai ragu ba. Ciniki ya koma bayan fage, farashi ya yi tashin gwauron zabi, jabu ta cika kasuwa.

Duk wannan lokacin, a can Faransa ana wata dambarwar a kan wata ƙwayar daban. A 1980 masanin haɗa sinadarai Georges Teutsch na kamfanin Roussel-Uclaf ya haɗa wani sinadari da aka yi wa lamba RU-486, wanda yau ake kira mifepristone. Farfesa Étienne-Émile Baulieu, mai bai wa kamfanin shawara, shi ya hango amfaninsa. Ciki a farkonsa yana dogara ne da sinadarin jiki mai suna progesterone, wanda ke riƙe shimfiɗar mahaifa. RU-486 kan je ya tare gurbin da wannan sinadarin ke zama, kamar makullin da ya shiga kwaɗo ya ƙi juyawa ya kuma hana na ainihin shiga. Gwajin farko da aka yi a Geneva a kan mata 11 ya yi aiki ga 9. Sai Marc Bygdeman na Suwidin ya nuna cewa in aka biyo shi da maganin da ke sa mahaifa ta matse, nasarar takan kai kusan kashi 95 cikin ɗari.

Faransa ta amince da maganin a watan Satumba na 1988, ƙasar Sin ma a watan. Amma babban mai hannun jari a Roussel-Uclaf shi ne kamfanin Hoechst na Jamus, wanda bai so rigimar ba, ga kuma barazanar ƙaurace wa kayansa daga ƙungiyoyin adawa da zubar da ciki. Ranar 26 ga Oktoba kamfanin ya sanar da janye maganin. Aka yi katari a daidai lokacin likitocin mata na duniya suna babban taronsu a Rio de Janeiro ta Burazil, ƙasar da Cytotec ke yawo a jakunkunan mata, nan take suka shiga tattara sa hannu na nuna ƙin amincewa. Bayan kwana biyu ministan lafiya na Faransa Claude Évin ya umarci kamfanin ya dawo da shi, yana mai cewa maganin ya riga ya zama haƙƙin mata, ba kayan kamfani kaɗai ba. Yana da bakin faɗin haka, domin gwamnatin Faransa na riƙe da kashi 36 cikin ɗari na hannun jarin kamfanin.

Sai dai tsarin na Faransa yana da rauni. Maganin da ake bi da shi bayan RU-486 allura ce mai suna sulprostone, mai nauyi ga zuciya. A 1991 wata mata mai yawan shan taba ta rasu bayan an yi mata ita. Dole aka nemi madadi mai sauƙi, wanda za a iya haɗiya, mai araha, wanda ba ya buƙatar firji. Yana nan a kantuna tuni. Baulieu da likitar mata Élisabeth Aubény suka gwada misoprostol, ya dace. Haɗin nan na ƙwayoyi biyu shi ne har yau ake amfani da shi a ƙasashe da yawa: ta farko ta tsayar da ci gaban cikin, ta biyu, bayan kwana ɗaya zuwa biyu, ta tausasa bakin mahaifa ta sa ta fitar da abin da ke ciki, da murɗa da zubar jini irin na ɓari.

Abin mamaki, Searle bai taɓa neman a yi wa ƙwayarsa rajista don wannan aikin ba. A watan Agusta na 2000 ma wasiƙa ya aike wa likitocin Amurka yana jan kunnensu kan bai wa masu ciki ita, wata guda kafin hukumar magunguna ta ƙasar ta amince da mifepristone. Birtaniya ta riga ta amince tun 1991, Suwidin a 1992. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙwayoyin biyu cikin jerin muhimman magunguna a 2005, a ƙa'idojinta na 2022 kuma ta ce kafin mako 12 mace na iya gudanar da abin a gida, matuƙar tana da sahihin bayani, da magani mai inganci, da asibitin da za ta je in an samu matsala. A Amurka, inda kotun ƙoli ta soke kariyar tarayya ga zubar da ciki a Yuni 2022, cibiyar Guttmacher ta ƙiyasta cewa kashi 63 cikin ɗari na zubar da cikin da aka yi a cibiyoyin lafiya a 2023 da ƙwaya ne.

Najeriya ta karɓi misoprostol ta wata ƙofar. A 2006 hukumar magunguna ta ƙasar, NAFDAC, ta yi masa rajista don zubar jini bayan haihuwa, wanda ke kan gaba cikin abubuwan da ke kashe mata a wajen haihuwa. Allurar oxytocin ta fi shi ƙarfi a wannan aikin, amma tana son sanyi da mai iya allura, abubuwan da ƙaramin asibitin ƙauye ba kullum yake da su ba. Ana kuma amfani da shi wajen kammala ɓarin da bai gama fita ba. Batun zubar da ciki da gangan kuwa, dokar Penal Code ta Arewa da Criminal Code ta Kudu duk sun haramta shi sai don ceton ran uwa, hukuncin mai aikatawa na iya kaiwa shekara 14. Mashahurin ra'ayin mazhabar Malikiyya ma hani ne tun daga shigar ciki, ko da yake wasu malaman Hanafiyya sun yi sassauci kafin kwana 120 idan akwai uzuri. Da gwamnatin Legas ta fitar da ƙa'idojin zubar da cikin da doka ta yarda da shi ga likitoci a 2022, ba a daɗe ba gwamna ya dakatar da su saboda ƙorafi.

Likitocin mata a Najeriya suna fama da abubuwan da takwarorinsu na Fortaleza suka sani tun tuni. Ƙwayar ba ta yin komai ga cikin da ya zauna a wajen mahaifa, wanda in ya fashe yakan kashe cikin sa'o'i, don haka ciwon mara mai tsanani a gefe guda, ko jiri, ko jinin da ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓin da ya wuce yini, duk na gaggawa ne zuwa asibiti. Ga kuma matsalar inganci. Misoprostol yana jure zafi amma ba ya jure laima, shi ya sa na kirki ke zuwa a rufe da dalma gaba da baya. Wanda aka ɓare aka ƙulla a leda, ya kwana biyu a kanta cikin damina, yana iya rasa ƙarfinsa tun kafin ya isa hannun ungozomar da ke jiransa don tsayar da jinin mai jego.