Zugazugi da Alli: Tarihin Koyon Sana'a a Kudancin Kano

A shekarar 1877 aka haifi wani yaro a garin Bebeji, cikin zuriyar Agalawa, aka raɗa masa suna Alhassan, shi ne wanda daga baya aka sani da Alhassan Ɗantata. Makarantar allo ita ce iyakar makarantar da ya shiga, amma fatauci, wanda ya kai shi har ya zama attajirin da babu kamarsa a zamaninsa, a kan hanyar Gwanja ya koye shi, yadda kowane ɗan Ba'agale yake koya, watau ta bin manya a ayari, da ɗaukar kaya, da sanin yadda ake ɗaure huhun goro ana yayyafa masa ruwa don kada ya bushe, da gane goron da zai kai Kano da ransa da wanda zai ruɓe a hanya, da riƙe lissafi a ka ba tare da takarda ba. Sa'ad da ya rasu a 1955 babu wata shahada ta sana'a a cikin abin da ya bari.

Abin da ya sa na fara da shi, alhali maganata a kan yaran babbar sakandare ce na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, shi ne don mai karatu ya tuna cewa wannan yanki ya daɗe da nasa tsarin horon sana'a, mai sharuɗɗa da matakai, tun kafin sojojin Ingila su fasa ƙofar Bebeji da igwa a farkon Fabrairun 1903 a kan hanyarsu ta zuwa Kano. Ɗan maƙeri yakan fara ne da zugazugi, ya yi shekaru yana hura wuta yana kallo, sa'an nan a ba shi awartaki ya riƙe ƙarfe, sa'an nan masaba, kuma ba a barinsa ya ɗora garma a kan uwar maƙera sai ya gwanance a lauje da fartanya. Haka marini yake tashi a bakin karofi, haka masaƙi, haka dukawa da wanzamai, kowace sana'a da sarkinta mai hukunta wanda ya yi algus. A can duwatsun Riruwai kuwa, cikin ƙasar Doguwa ta yanzu, mutane sun san haƙar kuza da wanke ta da narkar da ita tun kafin wani Bature ya zo da na'ura. Malamai ba su ga wani saɓani tsakanin wannan da neman ilimi ba, domin fuƙaha'u sun sanya asalin sana'o'i, kamar noma da saƙa da ɗinki, a cikin farali na kifaya, wanda idan jama'ar gari suka bar shi gaba ɗaya dukansu sun yi laifi. Shi ya sa almajiri yakan ajiye allo da hantsi ya ɗauki allura da zaren hula, babu mai ganin ya ƙasƙanta.

Ba na cewa tsarin nan ba shi da aibi. Gado ne ya ɗaure shi, har ɗan mahauci bai isa ya ce ƙira yake so ba, kuma 'ya mace ba ta da rabo sai abin da ake yi a cikin gida, kaɗi da kitso da man gyaɗa. Amma yana da abubuwa biyu waɗanda, a ganina, su ne ruhin al'amarin: mai koyo yana taɓa kayan aiki da hannunsa tun ranar farko, kuma ranar da ubangidansa ya sallame shi yakan haɗa masa da ɗan jari ko kayan aiki, da masu ciniki da suka riga suka san fuskarsa.

Da boko ya zo, da farko bai yi watsi da wannan ba. Makarantar da Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'a, inda gwanayen gari suke koyar da dukanci da ƙira da sassaƙa. Sai dai sannu a hankali aikin akawu ya rinjayi zukata, har ya zama yaron da aka tura makarantar sana'a ana yi masa kallon wanda kansa bai ja ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977, wadda ta haifi tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiki da shi a 1982, ta yi nufin gyara wannan, aka sayo injuna daga ƙasashen Gabashin Turai aka rarraba wa makarantu. Amma da yake ba a tanadi wutar lantarki ba, ba a kuma horar da isassun malamai ba, da yawansu a cikin akwatunansu suka yi tsatsa. A 2011 aka sake sabon manhaji na babbar sakandare mai sana'o'i 34, aka wajabta wa kowane ɗalibi ya zaɓi ɗaya, a ciki har da kiwon kifi da kiwon dabbobi da rini da ɗinki da gyaran wayar salula. Niyya ta yi kyau, amma a makarantar da ba ta da tafki ko keken ɗinki, da alli aka riƙa kiwon kifin a jikin allon bango, yaro ya haddace, ya rubuta jarrabawa, ya ci, bai taɓa kama tarwaɗa ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, wannan yanki ba ya cikin wuraren da za su kawo uzurin rashin wurin koyo. Madatsar ruwan Tiga, wadda gwamnatin Audu Bako ta kammala a 1974, a ƙasar Bebeji take, ko da yake mafi yawan albarkar noman ranin da take shayarwa gangarawa take yi zuwa Kadawa da Kura da Bunkure. Kwalejin fasaha ta gwamnati tana nan Bagauda, kuma a nan ne aka kafa cibiyar koyon kiwon kifi. Tudun Wada ta shahara da shinkafa, daga mai noma zuwa mai turarawa zuwa mai injin casa, kowanne mataki sana'a ce mai cin gashin kanta, kuma mata suna da babban rabo a ciki. Doguwa tana da masara da ma'adinai. Yaran kuwa ba su jira kowa ba, domin bayan an tashi daga makaranta za ka same su a garejin babura da shagon walda da wurin masu gyaran injin ban ruwa, suna koyo bisa tsohuwar ƙa'idar nan ta zugazugi, sai dai makaranta ba ta san da wannan karatu ba, balle ta ba shi maki.

Saboda haka nake roƙon shugabannin makarantun ƙananan hukumomin nan huɗu, da hakimai da dagatai, da ƙungiyoyin iyaye da malamai, su zauna da sarakunan sana'a na garuruwansu a shirya yadda ɗalibin da ya zaɓi sana'a zai yi yini ɗaya a kowane mako a wurin mai yin ta, a kuma lissafa masa wannan yini a cikin sakamakonsa na ƙarshen zango.