Sana'a da Aiki a Bakin Kwara: Misalin Madekali da Malanbil

Bahaushe yakan bambanta sana'a da aiki. Sana'a ita ce abin da mutum ya iya, ake kiransa da shi, yake kuma fatan ɗansa ya gada. Aiki kuwa yana iya zama abin da aka sa mutum ya yi, ko yana so ko ba ya so. Tarihin Madekali, wani gari na ƙasar Dendi da ke ƙarƙashin Malanbil a arewacin Jamhuriyar Benin, ya isa misali wajen fahimtar wannan bambanci.

Kafin zuwan Turawa, wannan yanki yana kan hanyar Gwanja. Fatake daga Kano da Sakkwato sukan ƙetare kogin Kwara ta wajen Gaya ko Illo, su ratsa Bargu zuwa Jugu, har Salaga, inda suke sayen goro. Kowane ayari yana da madugu, wato shugaban tafiya, da jagaba mai shiga gaba. Tafiyar takan ci watanni, ga 'yan fashi, ga kuɗin fito da harajin sarakunan hanya. Duk da haka fatauci abin alfahari ne, domin wanda ya je Gwanja ya dawo ya zama mutum a idon jama'a. Sai dai ba kowa ne a ayarin ya ɗanɗani wannan daɗi ba. Da yawa daga cikin masu ɗaukar kaya a ka bayi ne ko 'yan dako, kuma ba su ake yi wa kirari ba. A bakin ruwa kuma akwai Sarkawa, masunta da suka fito daga Kabi, waɗanda su da tuƙin jirgi gadonsu ne. M. G. Smith ya nuna a 1959 cewa Hausawa sun fi girmama sana'ar gado, wadda ake kira karda, a kan wadda mutum ya shiga da rana tsaka, wato shigege.

Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 ta raba yankin gida biyu: Illo ta faɗa hannun Ingilishi, Madekali kuma hannun Faransawa. A nan ne kalmar aiki ta sami sabuwar ma'ana mai ɗaci. Faransawa sun riƙa ɗibar mutane ta hannun sarakuna domin gyaran hanya da dakon kayan gwamnati, ba tare da ladan kirki ba. Wannan shi ne aikin dole. Talakawa ba su bar mana rubutu a kan yadda suka ji ba, amma ƙafafunsu sun ba da shaida, domin a duk tsawon iyakar Dahome da Nijeriya an yi ta samun masu tsallakawa zuwa ɓangaren Ingilishi don guje wa haraji da aikin dole (ko da yake can ma ba a rasa irinsa ba). Sai a 11 ga Afrilu 1946 aka soke shi, ta dokar da Félix Houphouët-Boigny ya gabatar.

Shi kansa Malanbil garin zamanin mulkin mallaka ne, sunan wani gwamnan Dahome, Henri Malan, aka sa masa. Layin dogo daga Kwatano ya tsaya a Paraku a 1936, bai iso kogi ba, saboda haka manyan motoci suka ɗauki sauran tafiyar. Da aka gina gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya a 1958, kasuwa ta bunƙasa, direba da yaron mota da ɗan kamasho suka maye gurbin madugu da jagaba. 'Yan fito kuwa kasuwarsu ta ja baya.

Tsohon tunani bai gushe ba. Binciken Olivier Walther na 2008 a kan kasuwannin Gaya da Malanbil da Kamba ya nuna muhimmancin dangantakar maigida da yaransa a cinikin iyaka. Yaron da ke yi wa attajiri hidima ba ya ɗaukar kansa ɗan ƙwadago, ko da kuwa buhu yake ɗauka kamar kowa. Abin da yake hange shi ne ranar da maigida zai sallame shi da jari, shi ma ya zama mai cin gashin kansa. Wahalar ɗaya ce, amma ɗan dako na kasuwa ladansa na yini ne kawai.

Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 an rufe gadar. Ɗaruruwan manyan motoci suka yi layi a Malanbil, direbobi suka shafe makonni a zaune. Fasinja da kaya suka koma ƙetarewa ta kwale-kwale, sana'ar fito da gada ta danne shekara 65 ta sake samun ciniki.