Ɗalibar da ta gano bugun mataccen tauraro

Yau Ingila za mu leƙa, shekarar 1967.

A jami'ar Kambirij akwai wata ɗalibar digirin digirgir mai shekara 24, sunanta Jocelyn Bell. Shekara biyu ta yi tana kafa turaku da ɗaura wayoyi tare da abokan aikinta, suna haɗa na'urar da ke kama saƙon rediyo daga sararin samaniya. Da na'urar ta fara aiki, kullum sai ta fitar da takarda mai tsawon mita 30, Bell ce ke bin ta da ido.

A watan Agusta ta lura da wani ɗan zane da bai yi kama da sauran ba. Malaminta, Antony Hewish, ya fara ɗauka hayaniyar na'urorin mutane ce. Ita dai ba ta haƙura ba. Ranar 28 ga Nuwamba ta kama abin sarai: bugu ne mai dawowa duk bayan daƙiƙa 1.33, ba ya saɓa lokaci. Har da wasa suka ce ko wasu halittu ne ke aiko saƙo, sai ta gano irinsa a wani ɓangaren sama daban.

To, mene ne wannan abu? Idan ƙaton tauraro ya ƙarar da makamashinsa, yakan tarwatse, cikinsa kuma ya rufta. Matsin kan haɗe furoton da ilektiron su zama nutiron. Abin da ya rage faɗinsa kamar kilomita 20 ne kacal, amma ya fi rana nauyi. Cikin ƙaramin cokalin shayi na jikinsa ya haura tan biliyan ɗaya! Yana juyawa yana feso saƙon rediyo, kamar mai juya tocila cikin duhu. Duk lokacin da hasken ya biyo ta kanmu, sai a ji bugu. Tun 1934 Baade da Zwicky suka yi hasashen akwai tauraron nutiron, amma sai da aikin Bell aka samu shaida.

Ga inda gizo ke saƙar. A 1974 aka ba Hewish da Martin Ryle kyautar Nobel, babu sunan Bell. Masani Fred Hoyle ya fito fili ya soki hakan. Ita kuwa ba ta yi ƙorafi ba. A 2018 aka ba ta kyautar Breakthrough ta dala miliyan 3, ta bayar da kuɗin duka domin ɗaukar nauyin karatun mata, 'yan gudun hijira da sauran waɗanda ba a cika gani a fagen fiziks ba.

Dattakunta abin yabo ne, amma ni a ganina bai wanke kwamitin ba. Ɗalibi ya yi wahala, malami ya kwashe yabo, wannan ba baƙon abu ba ne a jami'o'i. Ku faɗa mana, da ku ne Bell, za ku yi shiru?

Sai mun haɗu a shiri na gaba.