Allon Bashi da Keken Saye: Tarihin Ƙananan Shaguna a Faransa

A ranar 15 ga watan Yuni na shekarar 1963, a garin Sainte-Geneviève-des-Bois da ke kudu da birnin Paris, kamfanin Carrefour ya buɗe wani kanti wanda Faransawa ba su taɓa ganin irinsa ba. Faɗin wurin sayarwa ya kai murabba'in mita 2,500, a gabansa ga filin ajiye ɗaruruwan motoci, ga kuma famfon asansi a gefe. Nama da kayan miya da tufafi da tukwane duk suna ƙarƙashin rufi guda. Mai saye ya tura kekensa, ya ɗebi abin da yake so, ya biya a bakin ƙofa. Daga wannan rana ake lissafin haihuwar abin da Faransawa ke kira hypermarché. Amma takun saƙar da ke tsakanin babban kanti da ƙaramin shago ta girmi wannan rana da fiye da shekara ɗari.

Tun a 1852 Aristide Boucicaut ya shiga shagon Bon Marché a Paris, ya sauya masa tsari. Kafin shi, ciniki a can bai yi nisa da na kasuwanninmu ba: a yi tayi, a ce albarka, a ja har a daidaita. Boucicaut ya liƙa wa kowace haja kuɗinta, ya bar mutane su shiga su yi kallo ko ba za su saya ba, ya kuma yarda a maido da kayan da ba su gamsar ba. Ya rage riba a kan kowane abu domin ya sayar da yawa. Marubuci Emile Zola ya gina littafinsa Au Bonheur des Dames na 1883 a kan wannan al'amari, inda ya nuna yadda tsofaffin masu sayar da yadi na unguwa suka yi ta karyewa ɗaya bayan ɗaya, suna kallon masu sayensu na jiya na tsallaka titi zuwa sabon kanti.

Duk da haka, waɗannan kantuna na manyan birane ne, kuma sutura da kayan ado suka fi sayarwa. Abinci ya zauna a hannun mai shagon unguwa har bayan yaƙin duniya na biyu. Matar lebura takan je wurinsa kullum, tunda ba ta da firji, ta sayi abin da za a ci a ranar. In babu kuɗi, sai a rubuta bashin a allo har ranar biyan albashi. Har yau Bafaranshe in yana maganar bashin da ke kansa a shago ko a gidan shan kofi, kalmar ardoise yake faɗi, wato allo. Mai shago ya san wanda ya rasa aiki da wanda matarsa ta haihu, kuma wannan sanayya ce jinginar da yake karɓa.

Farkon wanda ya girgiza wannan tsari shi ne Edouard Leclerc, wanda a 1949 ya soma sayar da biskit a kan farashin sari a garin Landerneau na yankin Bretagne. Sauran ƴan kasuwa suka matsa wa masana'antu su daina ba shi kaya. Gwamnati kuwa, da tsadar rayuwa ta dame ta, sai ta goya masa baya: takardar umarnin minista Fontanet ta 1960 ta jaddada haramcin ƙin sayar wa ɗan kasuwa kaya don kawai ya karya farashi. A tsakanin nan tsoron ƙananan ƴan kasuwa ya riga ya shiga siyasa. A 1953 Pierre Poujade, mai shagon littattafai da takardu a Saint-Céré, ya jagoranci maƙwabtansa suka hana masu binciken lanho yin aikinsu. A zaɓen Janairun 1956 ƙungiyarsa ta samu ƙuri'a fiye da miliyan 2 da kujeru 52 a majalisa, cikinsu har da ta wani matashi mai suna Jean-Marie Le Pen.

Fushi bai tsayar da sauyin ba, domin rayuwar gidaje ce ta sauya. A shekarun 1960 mota da firji suka shiga gidajen ma'aikata, mata da yawa suka kama aikin albashi, aka kuma gina sababbin unguwanni a bayan gari inda babu tsofaffin shaguna. Wanda ke da mota da firji yana iya sayen abincin mako guda a fita ɗaya. Su kuma masu manyan kantuna sun je birnin Dayton na Amurka sun saurari Bernardo Trujillo, wanda ya koya musu cewa in babu wurin ajiye mota, babu ciniki. Dabarar a fili take: a sayi fili mai araha a bayan gari, a sari kaya da yawa a matse farashi, a sayar cikin ƴan kwanaki da kuɗi hannu, sannan a biya masana'anta bayan makonni. Ta haka babban kanti ke juya kuɗin waɗanda suka ba shi kaya, alhali mai ƙaramin shago nasa kuɗin na kwance a allon bashi. A 1969 aka buɗe Parly 2 kusa da Versailles da Cap 3000 kusa da Nice, rukunonin shaguna masu rufi irin na Amurka, waɗanda suka ja har masu sayar da takalma da agogo daga tsakiyar gari.

A wannan shekara ce Gérard Nicoud, mai gidan shan kofi a jihar Isère, ya ja mutanensa suka kwashe takardun ofishin lanho na La Tour-du-Pin. Ganin haka gwamnati ta nemi sulhu. Dokar Royer ta 27 ga Disamba 1973 ta ce ba za a buɗe kantin da ya wuce murabba'in mita 1,000 a ƙaramin gari, ko 1,500 a gari mai mutum fiye da 40,000 ba, sai da izinin wani kwamiti. Niyyar mai kyau ce, amma sakamakon ya zo da gardama. Izini ya zama haja mai tsada, aka yi ta zargin cin hanci da cika asusun jam'iyyu, har dokar Sapin ta 1993 ta sake tsarin kwamitocin. Waɗanda suka riga suka kafa kantunansu kuwa, dokar ta kare su daga sababbin abokan gasa. A 1996 dokar Raffarin ta sauko da iyakar zuwa mita 300; a 2008 aka maido da ita 1,000.

Gaskiya ne talaka ya samu sauƙin farashi, kuma ba laifinsa ba ne in ya bi araha. Sai dai ƙauyuka da yawa sun wayi gari babu shago ko ɗaya, tsohuwar da ba ta da mota ta koma jiran mai taimako. A manyan birane, baƙi daga Jerba ta Tunisiya da yankin Sus na Maroko ne suka riƙe shagunan unguwa ta hanyar buɗewa har tsakar dare. A 2018 gwamnati ta ware euro biliyan 5 domin farfaɗo da tsakiyar garuruwa 222. Manyan kamfanonin da kansu sun dawo cikin gari da ƙananan rassa, suna sayar da kusancin da suka kashe, amma babu allo a bayan teburinsu.

Wannan tarihi bai tsaya a Faransa ba. Kamfanin CFAO, wanda kantunansa ke sayen gyaɗa suna sayar da yadi a ƙasar Hausa a zamanin mulkin mallaka, shi ne ya haɗa kai da Carrefour suka buɗe babban rukunin shaguna a Abijan a 2015. A Dakar, ƴan kasuwa sun yi zanga-zanga a 2018 suna neman kamfanin Auchan ya tattara nasa ya nasa. A Kano kuwa, kantin Shoprite da aka buɗe a Ado Bayero Mall a 2014 ya rufe a farkon 2024, kasuwar Kurmi da ta Kwari suna nan suna ci.

Abin da ya faru a Kano ya nuna cewa babban kanti ba ya tsayawa sai a kan duwatsun murhu uku: mota, da firji mai wutar da ba ta yankewa, da albashi mai ƙarfi. Muddin mai gida a Maraɗi ko Tawa da cefanen yini yake fita, mai tebur da ke sayar da sukari na dala biyar, ya kuma ɗaga ƙafa zuwa ƙarshen wata, ba shi da magaji. Amma Faransawa ma a 1950 haka suke gani. Abin da tarihinsu ya nuna shi ne, makomar shagon unguwa ana yanke ta ne a ofishin magajin gari, ranar da ake raba filaye da shata hanyoyi, tun kafin a aza tubalin farko. Su sun yi dokarsu shekara goma bayan buɗe kantin Sainte-Geneviève, lokacin da masu saye suka riga suka saba da hanyar bayan gari.