Takalman Fata na Birnin Zariya

Takalman fata na gargajiya su ne waɗanda dukawa ke ɗinkawa da hannu a birnin Zariya da sauran biranen ƙasar Hausa. Majema ne ke fara aikin: sukan jeme fatar akuya ko ta tunkiya da bagaruwa, sannan a rina ta, galibi ja da karan dafi. Baduku kan yanke tafin daga kirgin saniya saboda ƙwarinsa, maratayin kuma a saƙa shi da siraran igiyoyin fata ko a yi masa ado da zare.

Daga cikin ire-irensu akwai faɗe, wanda talaka ke sawa kullum, da kubutai, da huffi. Mafi daraja shi ne takalmin gashin jimina na sarakuna, wanda Tarihin Kano ya danganta farkonsa da Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499).

A 1851 Heinrich Barth ya ga yadda ake fitar da takalman Kano zuwa Arewacin Afirka. A yau takalman roba masu araha sun rage wa dukawa kasuwa ƙwarai. Cibiyar binciken fata ta ƙasa, NILEST, tana Samaru, wajen ganuwar birnin.