Abin da Bai Fito Ba Zai Shiga Kundi? Waiwaye Daga Ƙofar Doka

Wanda ya tsaya a Ƙofar Doka ta Zariya yana tsakanin hanyoyi biyu na adana sani. In ya kutsa cikin birni, ya nufi Fada da unguwannin malamai irin su Juma da Kona, zai tarar da zaurukan da har yau ake ajiye littattafan da aka rubuta da alƙalamin kara da tawada. In kuwa ya juya ya fita Tudun Wada, ya bi hanyar Gaskiya, can ne injin ɗab'i ya zauna tun zamanin Turawa. Hanya ta uku, wato wayar hannu, ta zo daga baya, tana cikin aljihun samarin da ke jiran Keke Napep a bakin ƙofar.

Tambayar da ta jawo wannan waiwaye ƙarama ce a ido. Wasan bidiyo na tseren motoci, wanda aka yi shelarsa amma bai shiga kasuwa ba, ya cancanci a buɗe masa shafi a insakulofidiyar intanet? Masu rubutu a Wikipedia sun sha kai ruwa rana a kan irin wannan. Ni dai ina ganin Zariya ta daɗe da saninta, domin asalinta shi ne: wa ke yanke hukuncin abin da za a rubuta a ajiye, kuma da wace hujja?

A zamanin rubutun hannu babu wata ranar fitowar littafi. Littafi ya fito ne ranar da wani almajiri ya ga ya isa a kwafa, ya zauna ya kwafe shi. Duk wanda ya taɓa buɗe gafaka a gaban malami ya san yadda abin yake: warƙoƙi ne a sake, ba ɗinki, a ƙasan kowace an rubuta kalmar farko ta wadda ke biye don kada su rikice, wasulan da jar tawada, gefen takarda cike da ƙananan bayanai na waɗanda suka karanta a baya. A ƙarshe mai kwafa yakan sa sunansa ya roƙi addu'a. Wahalar kwafar ita ce alƙali, ba wanda zai ɓata tawadarsa da kwanakinsa a kan abin da bai amsa sunansa ba. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, wanda ya hau gado a 1903 Turawa suka tuɓe shi a 1920 suka kai shi Lokoja, waƙoƙinsa sun yi shekaru masu yawa suna yawo a hannun mutane da bakin masu rerawa kafin wata maɗaba'a ta taɓa su. Da ma'aunin kasuwa za a bi, sai a ce duk tsawon lokacin nan ba su fito ba, alhali kuwa birni ya haddace su.

Ga kuma Sarauniya Amina. Duk abin da ake rubutawa a kanta yau, a littafin makaranta ko a intanet, yana komawa ne ga ɗan abin da aka samu a Tarihin Kano da Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, wanda ya rubuta wajen 1812, sai kuma labarin baka. Tarihin Kano ya sa ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, a ƙarni na 15, wasu masana kuma sun kawo ta ƙarni na 16. Layukan ba su da yawa, ba su ma daidaita a tsakaninsu ba, amma da yake waɗanda suka rubuta ba mutanen fadarta ba ne, sun zama abin dogaro.

Boko ya sauya alƙalin. A farkon shekarun 1930 Hukumar Fassara ta zauna a Zariya ƙarƙashin Rupert East, ta rikiɗe ta zama Hukumar Talifi, kuma a 1933 ta sa gasar ƙaga labari. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East ɗin kansa. Su ake karantawa a makarantu har gobe. Daga nan abin da aka buga shi ne abin da ya wanzu, wanda ya tsaya a teburin edita kuwa ya bi ruwa. Takarda tana da tsada, injin ɗaya ne, mai zaɓe kuma mutum ɗaya ne ko 'yan kaɗan. A Janairun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita, Imam yana editanta na Hausa, kuma cikin dalilan kafa ta har da kashe jita-jitar da ke yawo gab da Yaƙin Duniya na Biyu. Kamfanin Gaskiya ya biyo baya a 1945, hukumar talifi ta NORLA a shekarun 1950, kamfanin ɗab'i na NNPC a 1966. Imam da East sun kuma haɗa hannu sun rubuta Ikon Allah, wanda ya yi wa mai karatun Hausa bayanin halittu da yadda duniya ke tafiya, aikin da ya yi kusa da abin da muke kira kundin sani.

Manyan insakulofidiyoyin Turawa ma a kan wannan ƙa'ida suka tafi. Britannica, wadda aka fara bugawa a Edinburgh a 1768, ita ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suka saba nema a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ke Samaru. Kowane shafi a cikinta kuɗi ne, saboda haka abin wasan da bai ma fito ba ba shi da wurin zama. Encarta ta zo a kan faifan kwamfuta a 1993 ta mutu a 2009, Britannica kuma ta sanar da daina bugu a takarda a 2012.

Wikipedia, wadda Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe ranar 15 ga Janairun 2001, ta zo ba ta da matsalar takarda, kuma kowa edita ne. Nan da nan aka ga illar hakan. Mai shago ya buɗe wa shagonsa shafi, mawaƙin da bai yi waƙa ba ya buɗe wa kansa, kamfanoni suka mayar da wurin allon talla. A 2006 masu rubutu a sashen Turanci suka tsayar da ƙa'idar cancanta: ba za a ba abu shafinsa na kansa ba sai an samu majiyoyi amintattu, waɗanda ba su da hannu a cikinsa, sun yi magana a kansa mai tsawo, ba ambato a wuce ba. Suka kuma ce kundin ba wurin duba ba ne, ba ya faɗin abin da zai faru gobe. A kan fim har sun ƙara da cewa a dakata sai an tabbatar an fara ɗauka. In an yi saɓani, sai a sa shafin a muhawara ta aƙalla kwana bakwai, sannan a bar shi, ko a haɗe shi da wani, ko a goge.

Ƙa'idar ba ta ce sai abu ya fito ba, kuma a nan mutane da yawa ke kuskure. Ga misali daga wasannin tsere. A 1997 kamfanin Rare na Ingila ya fitar da Diddy Kong Racing a na'urar Nintendo 64, ya kuwa karɓu. A 2001, a bajekolin E3 na Los Angeles, aka nuna ɗan gajeren bidiyon magajinsa, Donkey Kong Racing, inda maimakon motoci ake sukuwa a kan dabbobi. A Satumban 2002 Microsoft ya saye Rare a kan dala miliyan 375, alhali Donkey Kong mallakin Nintendo ne. Shi ke nan, wasan ya mutu. An yi ƙoƙarin sauya masa riga da suna Sabreman Stampede, shi ma bai kai labari ba. Ba wanda ya taɓa sayensa, amma 'yan jarida sun rubuta a kansa a lokacin, waɗanda suka yi aikin sun yi hira daga baya, an san dalilin mutuwarsa. Wannan tarihi ne, ya cancanci rubutu, ko da a ce sashe ne cikin maƙalar wanda ya gada. Duke Nukem Forever, ko da yake na harbi ne, an yi shelarsa a 1997 bai fito ba sai 2011, kuma jinkirin shekara 14 ɗin ya fi wasan kansa suna.

Wanda bai cancanta ba shi ne wasan da duk abin da aka sani game da shi daga bakin mai shi ya fito: sanarwa, hotuna uku, da alkawarin yana nan tafe. Buɗe wa irin wannan shafi cinikin biri a sama ne, kuma mai karatu ne ke biya, domin ya zo neman sani an miƙa masa talla.

Mu nan ba mu da manyan kamfanonin gem, wato wasan bidiyo, ko da yake a Legas akwai Maliyo Games, masu Okada Ride da Aboki Run. Amma abin da aka yi shela bai fito ba, mun san shi ciki da bai. Tun daga fim ɗin Turmin Danya a 1990, sau nawa aka manna fosta a shagunan kaset, aka sa tirela a farkon wani fim, aka ce muna nan tafe, sannan shiru? Kuɗi ya yanke, ko furodusa da jaruma sun ɓata, ko ta yi aure ana tsakiyar aiki. Akasarinsu ba su bar komai ba sai fostar. Amma dubi Ƙauyen Fim da gwamnatin tarayya ta yi niyyar ginawa a Kofa, ƙaramar hukumar Bebeji ta jihar Kano, a 2016, a kan naira biliyan 3. Malamai suka yi ca, aka yi ta wa'azi da musayar yawu a rediyo da jaridu, gwamnati ta janye. Ba a gina shi ba, amma ba yadda za a rubuta tarihin Kannywood a tsallake shi. Fim ɗin Amina na Izu Ojukwu ma an daɗe ana jin labarinsa ana jira kafin Netflix ya fitar da shi a Nuwamban 2021, kuma jaridu sun bi shi tun yana hanya.

Ɗan ƙanwata, wanda ke karatun kwamfuta, yana cikin masu zaman gidan gem a Tudun Wada, irin shagon nan mai benci biyu da talabijin uku da janareta a bakin ƙofa, inda mai shago ke lissafin wasa a bayan kwalin sabulu. Shi da abokansa suna haɗa wasan tseren Keke Napep a waya. Ya nuna mini abin da suka yi: keke mai ruwan ɗorawa yana kauce wa ramuka da awaki, in ka taka birki da ƙarfi fasinja ya yi tsaki. Ya ce, "Kawu, in buɗe masa shafi a Wikipedia ta Hausa tun yanzu, don mutane su san da shi?"

Na ce, "Wa ya rubuta a kansa ban da ku?"

"Ba kowa tukuna."

"To, ɗana, kai za ka zama mai kaya, kai ne dillali, kai ne kuma shaida."

Bai ji daɗi ba, kuma na fahimce shi. Ya kawo hujjar da ta fi tawa zafi: wasan Turawa da bai fito ba yana samun mujallu goma su rubuta a kansa, shi kuwa ko ya gama nasa, wace jarida ce a Kaduna ko Kano ke da mai bin labarin gem? Gaskiyarsa. Ƙa'idar tana auna yawan abin da aka rubuta ne, mu kuma masu rubuta irin wannan a wajenmu kaɗan ne, labarinmu ya fi yawa a rediyo da baki. Masaƙa da marina da magina na birnin Zariya, waɗanda aikinsu ya fito ƙarni da ƙarni, da yawansu ba za su tsallake ma'aunin ba. A 2011 wani ɗan Indiya, Achal Prabhala, ya gwada shigar da hirar baka a matsayin madogara a wasu harsunan Indiya da Afirka ta Kudu, amma sashen Turanci bai karɓi tsarin ba.

Duk da haka ban yarda a rushe ƙa'idar don ta matse mu ba. In aka buɗe ƙofa ga alkawari, masu kuɗin talla da 'yan siyasa ne za su cika wurin, ba ɗan ƙanwata ba. Kowane harshe a Wikipedia yana da damar tsara nasa sharuɗɗan, kuma abin da nake so editocin Hausa su yi shi ne su faɗaɗa inda suke neman hujja. Ƙa'idar ba ta ce sai madogara tana intanet ba, ba ta kuma ce sai da Turanci ba. Tsofaffin kwafen Gaskiya Ta Fi Kwabo madogara ne. Kundayen digiri na uku da ke jibge a sassan Hausa da tarihi a Samaru da Kano da Sakkwato madogara ne. Mujallar Fim, wadda Ibrahim Sheme ya fara fitarwa a Maris ɗin 1999, ta bi 'yan fim lokeshin wata bayan wata, ta rubuta abin da ake ɗauka da abin da ya tsaya da dalilin tsayawarsa. Fim ɗin da ya mutu a hanya a 2003, in Fim ta ba shi shafi biyu kuma wata jarida ta bi rigimarsa, ya cika sharaɗi, ba abin da ya rage sai a samu wanda zai nemo mujallar ya rubuta wata da shekara da lambar shafi.