Tarihin Koya wa Kwamfuta Rubuta Umurni ta Hanyar Zaɓen Iri

Kwamfuta ba ta aikata kome sai an rubuta mata tsarin umurni daki-daki. Tun a shekarar 1950 masanin lissafi Alan Turing na Ingila ya kawo shawarar a gina na'ura mai koyo kamar yaro, ya kuma kamanta gyaranta da yadda halittu ke sauyawa daga zuriya zuwa zuriya. A 1958 Richard Friedberg na kamfanin IBM ya jarraba sa kwamfuta ta yi ta sauya umurninta har ta dace, amma abin da ya samu kaɗan ne.

A 1975 John Holland na Jami'ar Michigan ya kafa wa fannin harsashi, sa'an nan John Koza na Stanford ya fito da littafinsa a 1992. Dabarar ita ce irin ta manomi mai ware iri. Kwamfuta takan ƙago ɗaruruwan tsare-tsare barkatai, a gwada kowanne, a ɗebi waɗanda suka fi kusa da amsa, a gauraya sassansu, a ɗan sauya wasu, a sami sabuwar zuriya. Haka za a yi ta maimaitawa har a dace, ko kuwa lokaci ya ƙare.

Shekaru da dama galibin matsalolin da ake gwada dabarar da su na lissafi ne, sun yi nesa da aikin masu rubuta umurni na yau da kullum. Saboda haka a 2015 Thomas Helmuth da Lee Spector na Amurka suka tattara tambayoyi 29 daga darussan ɗaliban ajin farko, kamar fitar da mafi ƙanƙanta cikin lambobi huɗu, ko mai da makin ɗalibi zuwa daraja. Na'ura ta warware wasu, wasu kuwa suka gagare ta. A 2021 aka ƙara wasu 25 masu wuya, a shekarar da GitHub Copilot ya fito da wata hanya dabam, watau koyo daga ɗimbin rubutun mutane.

Gwajin nan ya bayyana wani babban abu. Sau da yawa tsarin da aka samu yakan ci dukan misalan da aka horar da shi a kansu, amma da an kawo sabon misali sai ya faɗi, domin ya dace da misalan ne kawai ba tare da kama ƙa'idar ba. Shi ya sa masu binciken suka shar'anta cewa ba a ƙirga nasara sai tsarin ya ci misalan da bai taɓa gani ba. Wannan sharaɗi ya shafi malamin da ke duba aikin ɗalibi, da jami'in da zai karɓi tsarin biyan albashi daga hannun ɗan kwangila. Kowannensu ya kamata ya tanadi misalan da mai aikin bai sani ba kafin ya sa hannu.